Taurari huɗu a takarda, amma 'yata na taka ƙanƙara zuwa makaranta

Shekara biyu kenan da muka taso daga Columbus, babban birnin jihar Ohio ta Amurka, muka dawo wannan ɗan ƙaramin gari, kuma gaskiya ba komai ya kawo mu ba illa makaranta. Wanda ke Ohio ya san duk watan Satumba jiha tana fitar da rifot kad na kowace gundumar makarantu, da can A zuwa F ake ba su, daga 2022 aka koma taurari ɗaya zuwa biyar, uku shi ne an cika sharaɗin jiha. To wannan gundumar huɗu na gani, a cikin gundumomi sama da 600 da ke jihar, na ce wa baban yara kawai mu tattara, ko haya ta fi tsada mu daure.

Kuma farko wallahi ban yi nadama ba. Babbar 'yata aji uku ta shiga, shekararta ɗaya da rabi da zuwa daga gida, Turancin nata sai a hankali, ga kuma dokar nan ta karatun aji uku da ake ta tsorata mu da ita wai yaron da bai kai maki ba sai ya maimaita aji. Daga 2023 an sassauta, iyaye na iya cewa a wuce da yaro, amma ni ba wucewar ce damuwata ba, so nake ta iya karatun. Malamar da ke ɗaukar su karatu na musamman, Allah ya saka mata, ita ta zauna da yarinyar nan kullum kafin a tashi, jarabawar kaka ba ta kai ba, ta bazara ta haye. Har ni malamar ta kira ta ce kada mu daina yi mata Hausa a gida. A makarantar duk an san sunan kowane yaro, shugabar ma a bakin ƙofa take tsayawa da safe. A lokacin da an tambaye ni biyar zan ba su ba huɗu ba.

Sai Nuwamba ta zo aka kaɗa ƙuri'ar ƙarin harajin gidaje na makaranta, levi ɗin nan da ake ta kafa allunansa a gaban gidaje, kuma ya faɗi. Ni ko a jikina, na ɗauka siyasarsu ce, mu masu girin kad, wato katin zaman dindindin a Amurka, ma ba mu da ƙuri'a balle a ce mun yi wani abu. Ashe a kanmu zai ƙare. Kafin hutun Disamba sai ga takarda a jakar yarinya wai daga Janairu an mayar da bas zuwa mafi ƙarancin abin da dokar jiha ta wajabta, wato sai yaron da ke tsakanin kindagatin da aji takwas kuma gidansu ya wuce mil biyu daga makaranta, 'yan sakandare kuwa babu ma gaba ɗaya. Gidanmu mil ɗaya da rabi. Rabin mil ɗin nan shi ya raba mu da bas.

Jama'a Janairu a Ohio fa. Ƙanƙara har gwiwar yaro, gari bai gama wayewa ba, titinmu kuma babu gefen da masu ƙafa ke bi, motoci ne kawai ke wucewa a guje. Ni ƙarfe shida nake shiga aiki a gidan kula da tsofaffi, baban yara direban babbar mota ne sai ya yi kwana biyar bai shigo ba, to wa zai kai ta? Na je ofishin makaranta na yi bayani, matar da ke wurin ta saurare ni da fara'a sosai, irin fara'ar nan tasu da ba ta warware komai, ta ce in haɗa kai da maƙwabta mu riƙa karɓa-karɓa. Maƙwabtan da ko sallama ba mu taɓa yi ba. Na ce to a auna nisan da kyau ko za a samu ƙari, ta buɗe kwamfuta ta juyo min da ita ta nuna min layi. Shi kenan magana ta ƙare.

Sati uku ina zuwa aiki a makare har aka rubuta min gargaɗi. Rana ɗaya da na kasa samun canji yarinyar ta bi wasu yara biyu a ƙafa, ta dawo safa sharkaf yatsu sun yi jawur tana kuka wai ba ta jin ƙafarta. Ranar ban yi barci ba. Yanzu wata tsohuwa ce a layinmu ke kai ta tare da jikanta ina ba ta kuɗin mai, kuma duk ranar da ta tashi ba lafiya cikina ɗurar ruwa yake.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da Satumba ta zagayo na sake buɗe rifot kad ɗin, taurarin nan huɗu suna nan daram. Makin jarabawa sama da matsakaicin jiha, kammala sakandare sama da na jiha, komai fes. Babu layin da aka rubuta yara nawa ne suka taka ƙanƙara. Na gangara wurin masu koyon Turanci in ga yadda irin 'ya'yanmu ke yi, babu komai, saboda idan yara ba su kai wani adadi ba ba a fitar da sakamakonsu, mu kuma ba mu fi a ƙirga da yatsu ba. Kenan taurarin da na bi na taso ma ba a kanmu suke magana ba. Kuma ƙaramar gunduma yara kaɗan ne a kowane aji, 'yan ƙalilan su yi kyau ko su faɗi sai kason ya yi tsalle, wannan ma sai daga baya na gane.

Wani abokin aikina ya ce min tun 1997 kotun ƙolin jihar ta yanke cewa yadda ake dogara da harajin gidaje wajen ciyar da makarantu ya saɓa wa tsarin mulkin Ohio, amma ga mu har yau bas ɗin 'yata na hannun masu gidajen da 'ya'yansu suka gama makaranta tuntuni. Ba na ma ganin laifinsu sosai, 'yan fansho ne da yawa, haraji na cin su. Mu ma ai a cikin haya muke biya.

Malaman ban da abin cewa a kansu, autana ma can zai shiga baɗi in Allah ya kai mu. Amma uku zan ba su, kuma ukun ma darajar malamar karatun nan ce. Wai za a sake kawo levi ɗin a Mayu, ni dai na riga na fara duba gidajen haya da suka wuce mil biyu.