Wane Geji Ya Dace Da Soket Ɗin OBD Na Motarka?

Allurar zafin inji da kamfani ke sakawa a yawancin motoci ba ta cika motsi ba sai al'amari ya kusa ɓaci. Ko ruwan lagireto na kan digiri 85, ko ya doshi 100, tana nan zaune a tsakiya. A zafin Afrilu, kana cikin cunkoson Kano da esi a kunne, wannan jinkirin ya isa ya ci maka gaskit. Alhali kwamfutar motar ta san ainihin lambar, kuma a shirye take ta faɗa ta soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ake kira OBD-II. Abin da kake buƙata shi ne geji, wato na'urar da za ka soka a nan ta riƙa nuna maka lambar.

Kafin ka zaro kuɗi, fara sanin yaren da motarka ke ji, wato tsarin da kwamfutarta ke magana da geji, irin su CAN da K-Line. Amurka ta wajabta OBD-II daga 1996, Turai kuma daga 2001 ga motocin fetur, 2004 ga masu dizal. Daga 2008 duk motar kasuwar Amurka da tsarin CAN take magana. Haska tocila cikin soket ɗin: idan akwai ƙarfe a rami na 6 da na 14, alamar CAN ce, idan a na 7 yake, tsohon layin K-Line ne, wanda ake samu a motocin Turai da Japan da yawa na farkon shekarun 2000, irin waɗanda suka cika mana tituna ta hanyar Kwatano. K-Line yana aiki, sai dai yana da nawa, kusan bit 10,400 a daƙiƙa, CAN kuwa yakan kai 500,000. Idan ka jera masa abubuwa takwas da zai riƙa nunawa, sai ka taka totur lambar juyin inji ta biyo ka daga baya. Biyu ko uku sun ishe shi.

Mafi araha shi ne ɗan ƙaramin ELM327 mai Bluetooth, wanda ake sokawa a soket ɗin, a haɗa shi da waya ta manhajar Torque ko Car Scanner. Kusan duk waɗanda ke kasuwa kwaikwayo ne. Kamfanin Elm Electronics na Kanada da ya ƙirƙiro shi bai taɓa fitar da sigar 1.5 ba, amma ita ce rubuce a jikin kwalaye da yawa. Wani kwaikwayon yana aiki lafiya lau, wani kuma CAN kaɗai yake ji, ka soka shi a tsohuwar mota ya yi gum. Saboda haka kada ka biya sai an gwada a motarka, a gabanka, inji na aiki. Mai iPhone kuma ya nemi mai Wi-Fi ko Bluetooth LE, domin tsohon Bluetooth na masu arahar nan ba ya haɗuwa da ita.

Sama da shi akwai irin su OBDLink MX+ da vLinker na Vgate. Sun fi tsada, sun fi sauri, kuma suna yin barci idan an kashe mota. Wannan barcin ba ƙaramin abu ba ne, domin rami na 16 yana ɗauke da wutar batir dare da rana, ko makulli na aljihunka. Na taɓa barin mai araha a jiki na yi tafiyar mako biyu. Da na dawo na murɗa makulli, ko fitilar dashbod ba ta kawo ba, sai da maƙwabcina ya kawo wayoyi muka ja wuta daga tasa.

Ga direban da ke kan hanya kullum, ni na fi son allo mai zaman kansa, irin ScanGauge ko UltraGauge. Ka manna shi a dashbod, ya tashi tare da inji, ya mutu tare da shi. Babu kira da zai shigo ya rufe maka lamba, babu waya da za ta ɗauki zafi a bayan gilashi ta kashe kanta, abin da duk mai tuƙi a arewa ya sani. Wanda ke da ƙararrawa, sai ka saita ta ta yi kuka idan zafi ya wuce inda ka gindaya.

Amma fa geji ba ya ƙirƙirar labari, abin da kwamfutar mota ta sani kaɗai yake maimaitawa. Zafin ruwa, juyin inji da gudu suna cikin ƙa'idar da kowace mota ke amsawa. Zafin man giya kuwa kowane kamfani da lambarsa ta daban, sai an shigar da ita da hannu. ScanGauge na kiran wannan XGauge. Idan zafin giya ne damuwarka, tabbatar akwai lambar motarka tukuna. Ƙarfin bugun baƙin mai shi ne inda masu saye suka fi yin asara: motoci da yawa ɗan makunni ne kawai gare su da ke kawo jar fitila, ba sa auna komai. A nan dole ka sayi geji mai nasa sansa, bakanike ya ɗaura a jikin inji, babu ruwansa da soket.

Idan ka soka bai kawo wuta ba, auna da mitar lantarki tsakanin rami na 16 da na 4, ya kamata ka ga wajen bolt 12. In babu, duba fis. A wasu motoci fis ɗaya yake da soket ɗin sigari, wanda cajar waya ke yawan ƙonawa. In ya kawo wuta amma ya ƙi magana, kunna makulli, ka daina barinsa yana laluben yare da kansa, ka zaɓa masa a manhaja. Har yanzu shiru? Cire kan batir, ka auna tsakanin 6 da 14. Lafiyayyen CAN yana ba da kusan om 60. Idan ka ga 120, layin ya yanke a wani wuri. Idan kusan sifili ne, wayoyin biyu sun haɗe. Ka kuma leƙa bayan soket ɗin, domin masu saka na'urar bibiyar mota sukan fere waya a nan su ɗaure da salatif. Na'urori biyu suna yi wa kwamfuta tambaya lokaci guda kan sa lambobi su riƙa ɗaukewa, musamman a K-Line. Cire ɗaya ka sake gwadawa kafin ka mayar wa mai shago kayansa.