Famfon ruwan mota: orijinal ko na wani kamfani?

Kamin ka tambayi kuɗi, tambayi makanikenka wane bel ke juya famfon motarka, don a nan maganar take. Peugeot 206 da 406 bel ɗin taimin ne ke jan famfonsu, sai an kwance gaban inji kamin a kai gare shi, kuma in famfon ya cije bel ya tsinke to bawul na iya lanƙwashewa, ka ga aikin famfo ya koma aikin inji. Irin waɗannan kada ka yi rowa wallahi, sayi mai kyau ka canza shi rana ɗaya da bel. Amma Corolla mai inji 1ZZ famfonta a waje yake, bel ɗin waje ke ja, ko ya mutu ba wani dogon kwance-kwance, nan kana iya sassautawa.

Abin da mutane da yawa ba su lura ba, Toyota ba ita ke ƙera kowane famfo da kanta ba. Kamfanin Aisin na Japan ke yi mata da yawa, kuma yana saida su cikin kwalinshi da sauƙin kuɗi. Na kamfanin GMB ma ba laifi. Ni dai Aisin na gaske ya fi min kwalin Toyota da ban san asalinshi ba, don jabu ya cika kasuwa, daga shagunan nan Maradi har kayan da ke shigowa ta Jibiya, kwali fes da tambari da komi amma ciki tarkace. In kuɗin ya yi araha da yawa to ka san akwai magana.

Ɗan Kwatano fa? Yana iya zama orijinal, sai dai ba ka san kilomita nawa ya ci ba, kuma robar da ke tare ruwa ta daɗe a bushe.

Ko wane ka ɗauka, riƙe shi ka juya da hannu, ya tahi sumul ba gurji, ka girgiza sandar kada ta yi rawa ko kaɗan. Duba farfelar ciki, ka jera shi da tsohon ka ga ramukan noti sun zo daidai, ka tabbata da gaskit a kwalin. In ɗan Kwatano ne leƙa ƙaramin ramin da ke ƙasanshi, busasshen fari ko tsatsa a bakin ramin na nufin ya fara yoyo. Ka je da lambar shasi kuma, don inji biyu na iya yin kama da juna amma famfo daban.

Sai ruwa. A zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, mota ta kama hanyar Damagaram da lodi, kai kuma ruwan rijiya kake ɗura mata, ko orijinal ka sa tsatsa za ta cinye shi. A wanke radiyeta a zuba ruwan sanyaya inji mai launi ranar da aka ɗaura sabon.