Ɗakin iyalan Moore a Tenement Museum: kuɗin tikitina bai tafi a banza ba

Idan hanya ta kai ka New York, ka ɗan bar kallon dogayen benaye ka gangara titin Orchard a unguwar Lower East Side. Gida mai lamba 97 tsohon gidan haya ne da aka gina a 1863, mutum kusan 7,000 suka zauna a cikinsa kafin a rufe ɗakunan a 1935. Yanzu shi ne gidan tarihi na Tenement Museum. Ba a shiga a yi ta gararamba, sai da ɗan jagora, kuma kowane zagaye da iyalin da ake ba da labarinsu. Ni na ɗauki na Joseph da Bridget Moore, 'yan Ireland da suka tare a gidan a 1869.

Matattakalar ƙunci gare ta, ga duhu. Gidan nasu kuwa ɗaki uku ne kamar akurki, ba famfo, ba makewayi sai an sauka tsakar gida. An shirya falon yadda yake a ranar zaman makokin jaririyarsu Agnes, wadda tamowa ta kashe tana 'yar watanni: kujeru a jere, ɗan akwatin gawa da bai kai tsawon hannuna ba. Surutun rukuninmu nan ya tsaya.

Abin da ya burge ni da jagorarmu shi ne ba ta tsaya kan talaucin kawai ba. Ta kawo zancen wulaƙanci. 'Yan Ireland na wancan zamani yunwa ce ta koro da yawansu daga ƙasarsu, wadda ta faro a 1845 da cutar dankali ta ci rai kusan miliyan ɗaya. Sun iso Amurka a matsayin Katolika cikin Furotesta, sai aka mayar da sunayensu zagi. Namiji kowane ne "Paddy", wato mashayi mai neman faɗa. Mace kuwa "Biddy", daga Bridget, ma'ana 'yar aiki daƙiƙiya mai fasa kwanuka. Ka duba fa, matar gidan da muke tsaye a ciki sunanta ke nan na yanka. Wasu tallace-tallacen neman ma'aikata a jaridu kan rubuta ƙarara cewa kada ɗan Ireland ya nema. Thomas Nast na mujallar Harper's Weekly, mai zanen barkwanci da ake ji da shi, yana zana su da fuskar biri da kwalba a hannu.

Kuma abin bai tsaya a baki ba. A 1844 an ƙona cocin Katolika biyu a Philadelphia, sannan a shekarun 1850 jam'iyyar Know Nothing ta ci zaɓe a wurare da dama da alƙawarin taka wa baƙi da Katolika burki. Da kunnena ya ji wannan a cikin ɗakin da gwiwata ke gugar bango, sai ya fi shiga ta fiye da duk abin da na taɓa karantawa.

Zagayen kusan awa ɗaya ne, yawanci a tsaye. Ka sayi tikiti ta intanet tun da wuri, domin rukunin ƙarami ne kuma yana cika. Ana haɗuwa a lamba 103, inda kantin littattafansu yake. Mai ciwon gwiwa ya tambaya tukuna, hawan ba wasa ba ne. Yara ƙanana kuma, a ganina, akwatin nan ya yi musu nauyi. A zaɓar musu labarin wani iyalin.