Waaken Asabar na Hajiya a Nima, na je sau uku kafin in yi magana

Asabar uku ke nan a jere ina zuwa wurin waaken nan (shinkafa da wake irin ta Gana) na Hajiya a unguwar Nima da ke Accra, wanda ake ta yawo da shi a WhatsApp wai duk abincin da ka saya ranar Asabar sidi 5 daga ciki na shiga asusun masu ciwon damuwa. Da gangan na ƙi yin rubutu bayan zuwan farko, don mu 'yan Zango mun sha ganin tara kuɗi kala-kala, yau a ce na marayu, gobe a ce na rijiya, jibi ka ga mai riƙe da asusun ya canza waya da takalmi.

Bari in fara da cikina. Waaken ba laifi wallahi, ya yi ja sosai da karan dafi, waken ya nuna luɓus amma shinkafar ba ta caɓe ba, kuma a ganye take zubawa ba a leda ba, wanda ya san bambancin ya sani. Na sidi 30 na saya da taliya da gari da ƙwai da wele (ganda) guda, shito ɗinta, wato miyar yaji, irin mai kama maƙogwaro ne a hankali, sai ka tashi tafiya gumi ya karyo maka. Sobolo (zoɓo) ɗin ne dai suga ya yi masa yawa, ko citta ba a ji. Layi kuma sai haƙuri, zuwana na biyu na fi minti 40 a tsaye.

Abin da ya mayar da ni ba shito ba ne. Akwai wani littafi a kan teburi kusa da kular ruwa, kowa na iya buɗewa, an rubuta abin da ya shigo kowace Asabar, na hannu daban na MoMo, wato wanda aka turo ta waya, daban, sannan abin da ya fita. Na zauna na karanta shi kamar mai binciken haraji, Hajiya na kallona tana dariya ta ce “ɗana duba da kyau, in ka ga kuskure ka gyara mana.” Ba suna ko ɗaya a ciki, sai dai ka ga kuɗin trotro (motar haya) zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Pantang da dawowa mutum biyu, sabunta katin inshora, maganin wata ɗaya. Na tambaya me ya sa ake sayen magani bayan tun Nuwamban 2024 aka ce NHIS, inshorar lafiya ta ƙasa, ta ɗauki ciwon damuwa, sai ta ce to in ka je aka ce babu a asibiti fa, ko katinka ya mutu shekara biyu ba ka sani ba saboda ko wanka da ƙyar kake yi? Na yi shiru, don na san wannan.

Yayana ne. Bayan shagonsa ya rufe ya shiga ɗaki ya kwanta, mutumin da a da in yana hira a bakin masallaci sai an roƙe shi ya tafi gida, ya koma ba ci ba barci ba magana, asuba ta yi ya farka tun ƙarfe uku yana kallon silin. Mu kuma muka ce aljanu, wasu suka ce asiri aka yi masa, kawunmu ya ce ƙarancin tawakkali ne kawai da ragwanci. An yi rubutu an yi hayaƙi, ba wanda ya yarda a ambaci asibiti, don a wurinmu asibitin ƙwaƙwalwa na Accra, wanda ke nan tun 1906 har unguwar Asylum Down ta ci sunansa, wuri ne da ake tsorata yara da shi. Ga ƙannenmu mata ba su yi aure ba, wa zai so a ce gidan su wane akwai taɓin hankali. Kuma kar a manta kafin majalisa ta gyara dokar a 2023, wanda ya yi yunƙurin kashe kansa a Gana mai laifi ne a gaban kotu, to ta yaya iyali ba za su ɓoye ba. Sai da muka ɓata fiye da shekara kafin ya ga likita, da sauƙi yanzu alhamdulillah, addu'a ba mu bari ba magani ma ba mu bari ba.

Shi ya sa bencin bayan shagon ya fi komai burge ni. Wata nas ce ta ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa ke zama a wurin duk Asabar, ba yunifom, da mayafinta da waakenta a gaba kamar kowa, in ka zauna kusa da ita ba mai cewa ga abin da ya kawo ka. Na ji tana gaya wa wata baba cewa maganin nan ba farasitamol ba ne, sai an yi makonni ana sha kafin a fara ganin canji, kuma ko yaron ya warware kar a tsayar sai likita ya ce. Da wani ya gaya mana wannan a kan lokaci da Yaya bai watsar da nasa a sati na biyu ba.

To ga inda raina ya ɓaci. Sun rataya wata ƙatuwar bana a ƙofa da hoton wani bawan Allah ɗaure da sarƙa, kai duk ya cukurkuɗe, ban san inda suka samo shi ba. Na san ana ɗaure mutane a wasu wuraren addu'a a ƙasar nan, ba ƙarya ba ne, amma mai ciwon damuwa da ya lallaɓo da ƙyar ya ga wannan hoton ai cewa zai yi ni ban kai nan ba, ya juya. Yayana ba zai taɓa wucewa ta ƙarƙashinsa ba. Ga kuma wani saurayi da sifika yana kiran sunan duk wanda ya ba da sidi 50 zuwa sama kamar ana liƙi a gidan biki, mutane na ta juyowa suna kallon waye ya shigo, ga benci can baya ana son sirri. Na gaya wa Hajiya, ta ce “ɗana hoton nan shi ke sa Alhazai sa hannu a aljihu,” na ce Hajiya kuɗin zai shigo amma masu shi ba za su zo ba. Ta ce za ta yi shawara da sauran matan.

Wannan Asabar ɗin sifikar ta yi shiru, banar tana nan. In za ku je ku je kafin ƙarfe tara don wele na ƙarewa da wuri, nas ɗin kuma tana tashi da azahar. Wanda ba ya son bi ta gaban hoton akwai ƙaramar ƙofa ta gefen lungu, ta nan nake so in shigo da Yaya mako mai zuwa in ya yarda.