Album ɗin farko na Allman Brothers Band: ya yi daɗi amma ya yi kaɗan

Jama'a duk mai son kiɗan jita don Allah ya nemi wannan album ya saurara, a Nuwamba 1969 ya fito amma wallahi har yau bai tsufa ba, ni dai tunda na sauke shi a waya kullum sai na kunna. Su 6 ne, mazauna garin Macon a jihar Jojiya ta Amurka, waƙa 7 ce kacal a ciki, duka duka minti 33 ne.

Abin da ya fi kama ni shi ne masu ganga har biyu, Butch Trucks da Jaimoe, ɗaya na riƙe da kiɗan ɗaya na yi masa ado kamar kalangu da kuntuku, ga kuma jita biyu, Duane Allman da Dickey Betts, wannan ya faɗa wancan ya amsa ba mai danne wani. Duane kwalbar magani yake sawa a yatsa yana jan ta kan tsirkiyar jita, shi ya sa a waƙar Dreams za ka ji jitar tana kuka a hankali har tsikar jikinka ta tashi, minti 7 ce amma ban taɓa so ta ƙare ba. Ƙaninsa Gregg kuwa shekararsa 21 lokacin, amma muryar sai ka rantse dattijo ne da ya sha wuyar duniya.

Inda nake da ƙorafi shi ne gajarta. Waɗannan mutane ne da sai a gaban jama'a suke sakin jiki su yi ta jan kiɗa, a situdiyo kuwa an takura su. Waƙar Whipping Post a nan minti 5 ce, tana fara zafi sai a yanke, alhali a wasan da suka yi a Fillmore East, wani zauren kiɗa a New York, a 1971 ta haura minti 22, kuma a shekarar ce Duane ya rasu a haɗarin babur yana da shekara 24, abin na taɓa ni sosai. Every Hungry Woman ma ba ta kai sauran ba a kunnena.

Duk da haka da wannan nake ba da shawarar a fara kafin a je ga album ɗin wasan Fillmore. Kuma a sa iyafis mai kyau, lasifikar waya ba za ta raba muku gangunan nan biyu ba.