Bugun aljihu na Dracula cikin Faransanci: sharhi ga mai son nazarin tsarinsa

A wani shagon littattafai da ke kusa da babbar kasuwar Maraɗi ana samun ƙaramin bugun Dracula cikin Faransanci, littafin da Bram Stoker, mutumin ƙasar Ailan, ya fitar a Landan a 1897 kan wani dodo mai shan jinin mutane mai suna Dracula, kuma a ganina ya ci kuɗinsa. Cikakke ne, babi 27, ba a datse komai ba, wanda shi ne abu na farko da ya kamata ɗalibi ya duba, domin taƙaita wannan littafi rushe shi ne.

Stoker bai ɗora labarin a bakin mutum guda ba, takardu ya tara. Babi huɗu na farko kundin Jonathan Harker ne, matashin lauyan Ingila da ya je gidan Dracula a Taransilbaniya (yanki a Romaniya ta yau), kuma yana tsakiyar haɗari aka katse shi, aka koma wasiƙun Mina, budurwarsa, da ƙawarta Lucy masu zancen aure. Likita Seward muryarsa yake naɗa a na'ura, labarin jirgin ruwan Demeter kuwa, wanda ya kawo Dracula garin Whitby na gaɓar tekun Ingila da gawar kyaftin ɗaure a sitiyari, daga yankin jarida da kundin jirgin muke samun sa. Kowannensu gefe ɗaya ya gani, mai karatu ne kaɗai ya san abin da ke tsotse jinin Lucy tun kafin masu jinyarta su gane, kuma daga nan fargabar take fitowa. Sai da Mina ta buga takardun da tafireta, aka jera su bisa kwanan wata, sannan suka gane abokin gābarsu. Shi Dracula ba shi da kundi, ta alƙalamin masu farautarsa muke jin sa.

A nan bugun ya kyauta, domin sunan marubucin kowace takarda da ranarta sun fito ɓaro-ɓaro a samanta, ba a rikita murya da murya.

Inda ya gaza shi ne rashin taswira. Farautar Dracula ta ƙarshe, daga garin Barna na Bulgeriya zuwa garin Galats na Romaniya sannan a bi kogi, tana da wuyar bi, musamman da mafarautan suka rabu kashi uku. Rubutun ma ƙanana ne ƙwarai, gam ɗin kuma ba ya jure zafin garinmu. Wanda zai yi nazari da shi ya kai a ɗinke masa bango, ya kuma tanadi littafin rubutu inda zai riƙa jera marubuta da ranakunsu.