Cairn ko Mörk Borg: wanne ya fi dacewa da fada?

Duka biyun wasannin tebur ne da kowane ɗan wasa ke zama jarumi a cikin labari. Sun fito a 2020, kuma a kowanne jarumi yana iya mutuwa kafin shayin fada ya kai zagaye na biyu.

A Cairn, na Yochai Gal, ba a jifan ƙwaya, irin ta ludo, don ganin ko sara ya samu: yana samu kullum. Ana jefa ƙwayar ɓarna, a cire sulke, wanda ba ya wuce 3. Kariyar sabon jarumi, wato makin da ɓarna ke fara ci, tsakanin 1 da 6 ce. In ta ƙare, ɓarnar ta ci ƙarfin jiki, sai a jefa ƙwaya mai fuska 20. Wanda lambar da ya jefa ta zarce ƙarfinsa ya kwanta. Kuskuren sababbi shi ne afka wa kowane dodo. Lallaɓawa da ciniki sun fi takobi.

Mörk Borg na Suwidin ne. 'Yan wasa ke jefa ƙwayar hari da ta kāre kai, galibi ana neman 12 ko fiye. Masifu bakwai ke jiran duniya. Ta bakwai na rufe wasan.

A Damagaram Cairn ya fi sauƙi: kyauta ne, kuma yana fitowa tsaf a injin buga takarda baƙi da fari. Shafukan Mörk Borg, da ruwan ɗorawa da baƙin tawadarsu, cuɗewa suke yi.